Filin unguwarmu: sitad za mu gina, ko baje shi za mu yi?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina cikin kwamitin matasan unguwarmu a nan Maraɗi. Muna da wani fili da aka ware tun lokacin rabon fulotai, tsawonsa mita 110 daga arewa zuwa kudu, faɗinsa mita 95, yara na buga ƙwallo a kansa shekara da shekaru. Yanzu wani Alhaji ya ce zai ba da kuɗi a gyara shi. Kwamiti ya rabu biyu. Wasu sun ce a dasa ciyawa, a ja katanga, a gina wurin zaman ƴan kallo, ya zama ƙaramin sitad. Wasu sun ce a baje shi kawai, a kafa raga, a ware gefe don kokowa. Wa ke da gaskiya, kuma ta ina ake farawa?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan uwa. Allah ya saka wa Alhaji da alheri. Masu cewa a baje sun fi kusa da gaskiya, sai dai wannan "kawai" da suka sa a bakinsu ta ɓoye aiki mai yawa, domin bajewar ita ce za ta cinye mafi yawan kuɗin in an yi ta yadda ya kamata.

Ku fara da duba garin gaba ɗaya kafin ku dubi filinku. Wurin babban taro Maraɗi tana da shi. Akwai babban sitad, wanda a watan Fabrairun 2019 ya karɓi wasannin gasar Afirka ta ƴan ƙasa da shekara 20, inda aka ga matasan Senegal da Mali da Ghana da Burkina Faso. Akwai filin kokowa mai sunan Kantu, ɗan kokowar da ya fara ɗaukar takobi a Tawa a 1975. Waɗannan na ranar biki ne. Abin da ke ƙaranci shi ne filin da yaro zai taka da ƙafa cikin minti goma bayan an tashi daga lakwal, ya buga har magariba, ba tikiti, ba mai korarsa. Gari yana faɗaɗa, filayen da ake wasa a kansu jiya yau gidaje ne, kuma ɗan wasan da zai sa rigar ƙungiyar Ɗan Kasawa ko ta Jangwarzo gobe a irin filinku yake koyon tsayar da ƙwallo. Sitad kuwa gina shi shi ne mai sauƙi, riƙe shi ne wahala. Filin Seyni Kunce na Yamai, mai ɗaukar mutum 35,000, gwamnati ce ke bayansa, amma duk da haka an yi lokutan da Mena, ƙungiyar ƙwallon ƙasarmu, ta karɓi baƙinta a Maroko saboda filin bai cika sharuɗɗan hukumar ƙwallon Afirka ba. To ina ga kwamitin unguwa da aljihun mutum ɗaya?

Kafin dala ta fita, a nemi takarda. "An ware shi tun rabon fulotai" magana ce ta baki, kuma maganar baki ba ta tsayar da mai zuwa da turaku da safe. Ku je ma'aikatar magajin gari a duba zanen rabon unguwar, a ga lambar filin da abin da aka ware shi dominsa, a ba ku rubutacciyar shaida cewa na wasanni ne, mai unguwa ya sa hannu a matsayin shaida. Masu awon filaye su zo su kafa turakun siminti a kusurwa huɗu, ku ƙara naku kowane mita ashirin. Takardar kuma kada ta fito da sunan mutum, ko da sunan Alhaji ne, ko na shugaban kwamiti. Ba rashin yarda ba ne. Mutum yana da magada, kuma fili mai kyau da aka kashe wa miliyoyi ya fi filin da aka bari ya zama juji jan ido. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Daga nan sai ruwa, kuma a nan ne zan daɗe, don shi ke kashe filaye. Filinku ya ɗan haura hekta ɗaya, wato murabba'in mita 10,450. In aka yi ruwan sama mai milimita 50 a dare ɗaya, wanda ba baƙon abu ba ne a watan Agusta, ruwan da ya sauka a kansa ya kai kubik 520, kusan tano 2,600 na lita 200. Wannan kafin a ƙirga wanda ke gangarowa daga tituna da indararon gidajen maƙwabta. Dole ne ya bi wani wuri. In ba ku shata masa hanya ba, zai shata wa kansa, kuma garin da Gulbi ya taɓa tayar da shi a 1945 har ya haura tudu bai kamata a koya masa halin ruwa ba. Don haka ku jira ruwa mai ƙarfi, da gari ya waye ku fita da turaku. Inda ruwa ya kwanta ku kafa turke, inda ya shigo ku kafa, inda ya fita ya bar zanen yashi kamar gashin tsintsiya ku kafa. Wannan taswirar ta fi duk wani hasashe. Ku haƙa ramuka uku ko huɗu masu zurfin rabin mita, ku cika su da ruwa. Wanda ya tsotse cikin awa ɗaya ko biyu, ƙasar jigawa ce, matsalarku tsaurin ƙasa ne ba kwanciyar ruwa ba. Wanda ya kwana da ruwa, akwai laka a ƙasa, sai an ɗaga filin.

Ba a yin filin ƙwallo a shimfiɗe kamar faranti. Ana yi masa doro a tsakiya, daga raga zuwa raga, ya gangara gabas da yamma a hankali yadda ido ba zai lura ba: santi ɗaya a kowane mita, ko ƙasa da haka kaɗan. In faɗin filin mita 64 ne, tsakiyar za ta ɗara gefe da santi 25 zuwa 30. In gangaren ya gaza rabin santi a mita, ruwa zai kwanta. In ya wuce santi ɗaya da rabi, ruwa zai yi gudu ya kwashe ƙasar sama, ƙwallo ma ta riƙa gangarawa ita kaɗai. Ba sai an kawo na'ura ba. Tiyon ruwa mai garai-garai da magina ke daidaita tushen gini da shi ya isa: a kafa turaku kowane mita goma, a sa wa kowanne alamar tsayin da ake so, a ja igiya, a yanke tudu a cike kwari. A gefe biyu a haƙa magudana mara zurfi, mai faɗin baki kamar kwano, aƙalla mita uku daga layi, ta kai ruwan zuwa lambatun titi. Magudana mai zurfi da kaifin baki kusa da layi karayar ƙafa ce ke jira. Ruwan da ke shigowa daga unguwa kuma a tare shi tun daga iyaka, kada a bar shi ya ratsa fili.

Yanzu ƙasar da za a taka. Yashi zalla yana cinye ƙafa, ƙwallo ba ta gudu, ɗan wasa ya saba da ɗaga ta sama ya kasa ba da ita a ƙasa. Jar ƙasa zalla kuma, irin ta hanyar mota, da rani takan zama dutse, tsakuwarta ta yi ta feɗe gwiwa, da damina ta yi santsi. Abin da ake so shi ne hawa biyu. A ƙasa, jar ƙasa mai kaurin santi 12 bayan an danne. A sama, gauraye mai kaurin santi 4 zuwa 5, kashi uku yashi, kashi ɗaya ƙasa mai danƙo, an tankaɗe tsakuwa. Gwajin gaurayen a hannu yake: a ɗan jiƙa a dunƙule. In ya ƙi dunƙuluwa, yashi ya yi yawa. In ya dunƙule har ana iya murza shi ya zama igiya kamar na mai ginin tukunya, laka ta yi yawa. Wanda ake nema shi ne ya dunƙule, amma da an danna da babban yatsa ya wargaje. Ga fili mai mita 100 da 64, hawan ƙasa zai ci kubik 770 dannanne, wato wajen 960 a sake, tunda ƙasa na komawa in an danne ta. Da kamiyo mai ɗaukar kubik 8, sawu 120 ke nan. Hawan sama kubik 320, sawu 40. Kun ga inda kuɗin Alhaji zai tafi. In gwajinku ya nuna ƙasar wurin tana da tsauri da kanta, ana iya rage jar ƙasar ko a bar ta sai wuraren da suka lotsa, wannan kuwa babban sauƙi ne.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a zube kamiyo-kamiyo a baje da shebur a ce an gama. Ƙasar da ba a danne ba, damina ɗaya za ta mayar da ita tudu da kwari. Ana baje ta ne siriri-siriri, a yayyafa ruwa har ta yi damshi ba caɓi ba, a bi ta da motar danne hanya sau shida zuwa takwas, sannan a ƙara wani hawan. Hayar motar na kwana biyu ko uku ta fi sayen sawu ashirin na ƙasa amfani. A sa wani ɗan kwamiti ya tsaya da littafi yana ƙirga sawun kamiyo yana leƙa cikinsa, don rabin kaya ma sawu ne a bakin direba.

Awon fili. Dokar ƙwallo ta yarda da tsawon mita 90 zuwa 120 da faɗin 45 zuwa 90, wasan ƙasa da ƙasa kuma 100 zuwa 110 da 64 zuwa 75. Ku ɗauki 100 da 64. Zai bar muku mita biyar bayan kowace raga. Ku matsar da shi gabas, ku bar mita uku tsakanin layi da iyaka, sai a samu ɗirka, wato ragowar fili, mai faɗin kusan mita 25 a yamma, bayan an cire ukun gefen layi. Sa'a kuka yi da tsawon ya miƙe arewa zuwa kudu, domin a nan bayan la'asar ake wasa, filin da ragarsa ke kallon yamma kuwa gola ɗaya rana ce ke cinsa kafin ƴan gaba su ci shi. Don kusurwa ta fito daidai, a auna mita 12 a layi ɗaya, 16 a ɗayan, tsakanin alamun biyu ya zama 20 cif. In an gama kusurwa huɗu a ja igiya a karkace daga kusurwa zuwa wadda ke fuskantarta: dole igiyoyin biyu da suka gitta juna kowace ta ba da mita 118 da santi 73. In sun saɓa, filin ya karkace, a sake. Da'irar tsakiya mita 9 da santi 15 daga ɗigo, ɗigon fanareti mita 11 daga layin raga, babban gida mita 16 da rabi, ƙarami 5 da rabi, ana auna su daga cikin kowane ƙarfen raga. A binne guntun tiyon roba a kowace mahaɗar layi, bakinsa daidai da ƙasa, don kada a riƙa sake awo duk mako. A ja layi da toka ko farar ƙasa da aka riga aka kashe da ruwa. Ɗanyarta tana ƙona fata in ta haɗu da gumi. Baƙin man mota kuma a bar shi a gareji.

Raga faɗinta mita 7 da santi 32 tsakanin cikin ƙarafan biyu, tsayinta mita 2 da santi 44 daga ƙasa zuwa ƙarƙashin sandar sama. Maƙera kan auna daga waje, sai raga ta fito ƙarama, don haka a tsaya a kansu. A sa bututun ƙarfe mai faɗin santi 10 zuwa 12, kaurin jikinsa milimita uku. Siririn bututu kan lanƙwashe a tsakiya cikin wata shida, don ba yadda za a hana yara lilo a kansa. A binne ƙafafun santi 60 zuwa 80 cikin kankare, saman kankaren ya nutse ƙarƙashin ƙasa da santi biyar, a toshe bakin bututun kada ruwa ya kwanta a ciki ya cinye shi daga gindi. Ƙananan ragogi na ɗauka-ajiye kuma a kafe su da turaku duk lokacin da aka ajiye. Su ne ke kifewa kan yara.

Sai ciyawa, abin da ya raba kwamitinku. Ba haramun ba ce, lissafi ne kawai. Wadda ke jure zafinmu da takawa ita ce ƙiri-ƙiri. A watannin bazara tana shan kusan milimita 7 a rana, wani lokaci fiye. A kan murabba'in mita 6,400 wannan lita 45,000 ne, tano 225, kowace rana ta Allah. Rijiyar burtsatse mai ba da kubik biyar a awa sai ta yi awa tara tana aiki don ciyawa kaɗai, a unguwar da mata ke layin ruwa. In famfo ya lalace kwana goma a watan Afrilu, an koma farko. Ga yanka sau ɗaya ko biyu a mako, ga taki, ga gara, ga awaki. Abin da ya fi duka, ciyawa ba ta ɗaukar fiye da awa goma zuwa sha biyar na wasa a mako. Filin unguwa yana yin haka cikin kwana uku. To ɗaya cikin biyu: ko a kulle fili don a ceci ciyawa, yaran da aka yi dominsu su koma kan titi, ko a bar shi a buɗe, gaban raga da tsakiya su zama sanƙo cikin wata biyu, sauran ya zama tsibi-tsibi da ke sa ƙwallo tsalle, ƙarangiya da tsidau su cike guraben. Dannanniyar ƙasa mai laushin sama ta fi wannan nesa ba kusa ba.

Ciyawar roba tana ɗaukar wasa safe da yamma, amma tana da nata. Da tsakar rana a bazara zafinta kan haura digiri 60, ba a taka ta. Ƙurar hunturu tana toshe ta, sai an riƙa taje ta da buroshi ana ƙara yashi da ɓarɓashin roba da ke tsakanin zarenta. Bayan shekara takwas zuwa goma kuma sai an ɗaga an sayi sabuwa. Duk wanda ya kawo shawararta a tambaye shi wa zai biya ta biyun.

Ɗirkar nan ta yamma ita ce dukiyar filinku. A ƙarshenta na arewa a yi fagen kokowa. Da'ira mai faɗin mita 20 ta isa har da gasar unguwanni. A haƙe santi 25 zuwa 30, a danne gindin, a cika da yashin gulbi mai laushi: kubik 80 zuwa 95, sawu goma zuwa sha biyu. Tankaɗe shi wajibi ne, da rariyar waya mai ƙananan ido, domin yashin gulbi na zuwa da fasasshiyar kwalba da ƙashi da tsakuwa mai kaifi, ɗan kokowa kuwa ba taguwa a jikinsa. A kewaye da buhunan yashi wajen tamanin, a kwance baki da baki. Kada a yi wa fage bakin siminti ko na bulo, ko da ya fi kyan gani, don faɗuwa ba ta zaɓen wuri. Rana na cinye buhun leda cikin ƴan watanni, sai a riƙa sauyawa. Yashi kuma yana daskarewa da takawa, musamman bayan ruwa: sama ya yi laushi yatsa biyu, ƙasa ya zama daɓe. A nan ake samun gocewar kafaɗa. Kafin kowace karawa a kafce shi da hauya har ƙasa, a bi da manjagara, a yayyafa ruwa kaɗan don ƙura. A bar wa makaɗa wurinsu a inuwa, a bar mita biyu ko uku tsakanin buhuna da sahun farko na ƴan kallo.

A ƙarshen kudu a shata ƙaramin fili mai mita 40 da 20. Awon ƙwallon hannu ke nan, ya kuma yi wa ƙwallon ƙafa ta mutum biyar-biyar, filin kwando mai 28 da 15 da na ƙwallon raga mai 18 da 9 duk suna shiga cikinsa. Nan ne ƙananan yara za su samu wuri in manya sun mamaye babban, nan ne kuma ƴan matan makarantun kusa za su iya zuwa da malaminsu, in akwai makewayi mai ƙofa da ruwa. Daɓe shi da kankare mai kaurin santi 10, har da gefensa, zai ci wajen kubik 100, buhun siminti kusan 700. In kuɗi bai kai ba a bar shi da dannanniyar ƙasa. In za a daɓe, a yanka shi gida-gida kowane mita huɗu zuwa biyar don ya tsage a inda aka so, a shayar da shi mako guda cur, kuma kada a zuba da tsakar rana.

In akwai abin da zan sa gaba da ciyawa da katanga duka, fitila ce a wannan ƙaramin filin. Daga Maris zuwa Mayu lokacin wasa bai wuce awa biyu ba tsakanin la'asar da magariba, da azumi kuwa sai dare. Fitila takwas masu wat 150 a kan sanduna masu tsayin mita 8 sun ishe shi, jimla wat 1,200, abin da faifan hasken rana da batir za su iya ɗauka awa uku. Babban filin kuwa, ko don horo kawai, yana neman kusan kilowat 10 da sanduna masu tsayin mita 15 ko fiye. Gajeriyar sanda ba ta haska fili, ido take kashewa. Wayoyi su bi ta ƙarƙashin ƙasa cikin tiyo, kowace sandar ƙarfe a haɗa ta da turken tagulla da aka kafa a ƙasa, don yaro zai jingina da ita da jiƙaƙƙen jiki.

Katanga tana da amfani, amma ba don tikiti ba. Abokan gabar filin ƙasa su ne kamiyon da ya kwana a kai bayan ruwa, ya bar sawun taya da ke bushewa ya zama kunya mai targaɗa ƙafa, da amalanke da babur masu yanke hanya, da masu koyon tuƙi, da turken rumfar biki da ya karye aka bar rabinsa a binne, da ragunan Layya. Duk waɗannan, gajeren gini mai tsayin mita ɗaya da waya a samansa ya tare su, ko ma turakun kankare jere kowane mita ɗaya da rabi in kuɗi ya yi kaɗan, sai dai su ba za su tare babur da raguna ba. Doguwar katangar bulo mai mita biyu da rabi, kewayen mita 410, kuɗi ne mai yawa, tana tare iska da idon jama'a, bayanta ya zama makewayi da maɓoya. In an gina ba ginshiƙi kowane mita uku, ba ramukan fitar ruwa a gindi, hadari ɗaya kan kwantar da ita. Bayan raga ne kawai ake son waya mai tsayin mita huɗu zuwa biyar, saboda gidajen mutane. Ku dasa dogon yaro a jere a yamma, nesa da layi da kamar mita takwas, don saiwa da ganye.

Duk ranar da aka kewaye wuri, an ɗauki alhakin fitar mutane. Ƙofa mai faɗin mita ɗaya tana fitar da mutum 70 zuwa 80 a minti, kuma ana so wuri ya watse cikin minti takwas. Taron mutum 2,000 na buƙatar jimlar mita huɗu, amma a raba su ƙofa uku a ɓangarori dabam-dabam, kowace ta buɗe waje, kuma muddin akwai jama'a a ciki ba kwaɗo a jikinta, akwai mutum tsaye. A Akara, ranar 9 ga Mayun 2001, sama da mutum 120 suka mutu a turmutsitsi bayan an harba barkonon tsohuwa mutane suka ruga suka tarar da hanyar fita a toshe. A filin Olembe na Yawunde, a Janairun 2022, mutum takwas suka rasu a bakin ƙofar shiga. Kokowar unguwa in ta haɗa gwanaye biyu tana tara jama'ar da ba a zata ba.

Wurin zama shi ne na ƙarshe, kuma gurbinsa na nan a tsakiyar ɗirkar yamma, rana na bayan mai kallo. Matakala biyar, kowace faɗin santi 80, tsayin 40, tsawon mita 30, mutum ɗaya santi 50: mutum 300 ke nan a kan zurfin mita huɗu. Rufin kwano ne abin tsoro. Rumfar da ke yamma bakinta gabas yake kallo, hadarinmu kuwa daga gabas yake tasowa, iska ta shiga ƙarƙashi ta ɗaga kwano kamar faifai. In ba injiniya ne ya lissafa ƙarafan da ƙusoshin da za su riƙe shi a ginshiƙi ba, inuwar itace ta fi.

Ku roƙi Alhaji ya ware wani kaso, ko da ɗaya cikin goma ne, a ajiye don riƙon fili, kada a cinye duka ranar buɗewa. Aikin riƙon ba shi da yawa, amma ba ya jira: mai gadi ɗaya da ake biya duk wata, burwati biyu, manjagara, tarin gaurayen ƙasa sawu biyu a kusurwa. Sau ɗaya a mako a ja guntun ƙarfe mai nauyi ko tsohuwar ƙofar waya a bayan babur a zagaye fili don a share sawu. Gaban raga, inda gola ke haƙa rami da ƙafa, a cike a jiƙa a danne kafin ya zama tafki. Bayan ruwa mai ƙarfi a hana wasa yini ɗaya, ko wa ya zo. A rubuta jadawali a manna a ƙofa, da lokacin ƙanana da na makarantu a ciki, in ba haka ba ƙungiyar da ta fi ƙarfi za ta mayar da fili nata. Masu biki da taro su biya, su kafa rumfa a ɗirkar yamma, a ƙirga turakunsu shiga da fita.

Game da lokaci, damina ta kallo ce da neman takarda. Aikin ƙasa a fara shi a Oktoba ko Nuwamba, sa'ad da ƙasa ke da sauran damshi, dannewa ba ta cin ruwa da yawa, kamiyo kuma ba ya kafewa a hanyar ɗibar yashi. A yashe magudanai a watan Mayu kafin ruwan farko. Kuma kada a biya ɗan kwangila kuɗinsa duka: a rubuta cikin yarjejeniya cewa kashi goma cikin ɗari zai zauna a hannun kwamiti har fili ya sha ruwan Agusta, a fita da safe tare da shi a duba inda ya kwanta.